Iska ta yaye gefe ɗaya na rufina, inshora ta ce gefen kawai za ta biya

Baban Ilham, Kolombus, jihar Ohayo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni mallakar gida a Amurka.

Makonni uku da suka wuce, daren Talata wajen ƙarfe biyu, aka yi mana iska mai ƙarfi haɗe da ƙanƙara. Gari na wayewa na fita, sai na tarar da fale-falen rufina warwatse a tsakar gidan maƙwabcina. Rufin irin na nan ne, shingul, wato ɓallayen kwalta masu yashi a samansu. Ɓangaren yamma ne ya ji jiki, sauran ukun suna nan lafiya a ido. Bangon yamma ma, wanda aka lulluɓe da saidin na roba, wato fale-falen da ake jerawa a jikin bango ta waje, ƙanƙara ta huda shi wuri goma sha ɗaya, na ƙirga da hannuna. Indararo ya lotsa. Ruwa ya ɗan shiga silin ɗakin yara, ya bar tabo kamar faɗin faranti.

A ranar na kira kamfanin inshora, na sa aka rufe wurin da tamfol dala 350, na ajiye rasit. Bayan kwana shida ma'aikacinsu mai ƙiyasin ɓarna ya zo, ya hau sama, bai yi minti arba'in ba ya sauko. Jiya takarda ta iso. Ga abin da ke ciki: jimillar gyara dala 9,400. Sun cire 3,100 wai na tsufa, sun cire 2,800 wai kasona, wato abin da ni zan biya da kaina daga kuɗin gyaran. Cek ɗin da suka aiko 3,500 ne, kuma ba sunana kaɗai ke kai ba, har da na bankin da ya ba ni bashin gidan.

Ɗan kwangilar da na kira ya ce sabon rufi gaba ɗaya 16,500 ne, saidin na gida duka kuma 14,000. Ya ce launin saidin ɗina an daina yin sa, domin tun 2003 aka gina gidan, kuma rana ta ci shi ya koɗe. Idan aka canja bango ɗaya, Maman Ilham ta ce gidan zai koma kamar tsohuwar riga da aka yi wa faci da sabon yadi. Rufin kuma shekararsa 14.

Shekara shida ina biyan mutanen nan ban taɓa neman ko sisi ba. Ai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tambayata: dole ne in karɓi wannan 3,500 in yi shiru? Kuma akwai wani saurayi da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in sa hannu a takardarsa, zai sa su biya rufin duka, kuma 2,800 ɗin nan zai yafe mini. In ba shi?

Injiniya Ɗan Zazzau, Dalas:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Allah Ya kiyaye gaba, tunda ba a rasa rai ba sai godiya. Mu nan Teksas ƙanƙara kamar haraji ce, sau biyu ina bin wannan hanya a gida ɗaya, don haka zauna in warware maka lissafin tukuna, domin na ga kamar shi ya fi tayar maka da hankali.

Wannan 3,500 ba shi ne ƙarshen kuɗinka ba, in dai inshorarka irin wadda ake biyan kuɗin sabo ce. Ɗauko shafin farko na takardarka, wanda ke da sunanka da adadin da aka yi wa gidan inshora. Nemi haruffa uku: RCV ko ACV. Na farkon yana nufin za su biya kuɗin sabon abu a farashin yau. Na biyun yana nufin kuɗin abin yadda yake da tsufansa. Idan RCV ne, 3,100 ɗin nan riƙewa kawai suka yi. Ka gama aiki, ka aika musu takardar kuɗin ɗan kwangila da hotuna, su sako maka shi. Amma akwai wa'adi, wasu kwana 180 suke bayarwa ka sanar da su, wasu shekara, yana rubuce a ciki. Wani abokina ya yi sakaci har wa'adin ya wuce, kuɗin ya bi ruwa. Ka kuma duba shafukan da ake maƙalawa a baya. Kamfanoni da yawa yanzu suna rubuta RCV a gaba, sannan a baya su ce ban da rufi idan iska ko ƙanƙara ce ta lalata shi, su kafa jadawalin da ke rage kuɗin gwargwadon shekarun rufin. In kana da wannan shafin, to 3,100 ɗin, ko kason rufi daga cikinsa, ya tafi ke nan.

Shi kuwa 2,800, ina kyautata zaton an yi wa ginin naka inshorar 280,000 ne, kasonka na iska da ƙanƙara kashi 1 cikin ɗari. Mutane da yawa suna ɗauka kashi ɗaya na ɓarnar ne. A'a, na darajar ginin ne. Ka gode wa Allah, a nan yawancinmu kashi 2 aka ɗora mana. Wannan kuɗin naka ne, babu makawa sai ya fita daga aljihunka.

Yanzu maganar rufi. Yadda suke yi shi ne, mai ƙiyasi zai zana murabba'i da alli, ƙafa 10 tsawo ƙafa 10 faɗi, a kowane gefe na rufin, ya ƙirga tabon ƙanƙara nawa ne a ciki. Kowane kamfani da adadin da yake nema, ana yawan jin 8 ko 10. Gefen da ya kai adadin a canja shi, wanda bai kai ba a ce faci ya ishe shi ko ma lafiyarsa ƙalau. Ka nemi hotunan da ya ɗauka. Idan babu hoton alli a sauran gefe ukun, to bai duba su yadda ya kamata ba, kuma wannan kaɗai ya isa ka nemi a sake hawa. Ka ce sauran suna lafiya a ido. Daga ƙasa ba a ganin tabon ƙanƙara, sai an hau an danna da yatsa an ji wurin ya yi laushi kamar rubabben mangwaro. Ka sa ɗan kwangilarka ya kasance a sama tare da mutumin nasu ranar da za a sake dubawa. Ya kuma gwada ɗaga shingul ɗaya a gabansa: rufi mai shekara 14 sau da yawa ya bushe, kana ɗaga na sama don ka cire na ƙasa sai ya tsage. In ya tsage, a ɗauki bidiyo, domin hujja ce cewa faci ba zai yiwu ba. A karo na biyu da abin ya same ni, da wannan bidiyon na samu rufi cikakke bayan sun ce gefe biyu za su yi.

Saurayin nan kuwa, kada ka sa masa hannu. Bayan kowace guguwa suke ɓullowa da motocinsu masu lambar wata jiha. Wanda ya ce zai yafe maka kasonka, abin da zai yi shi ne ya rubuta wa kamfani cewa ka biya 9,400 alhali 6,600 ya karɓa, ko ya kumbura farashi ya cike giɓin. Ƙarya ce aka yi da sunanka, kuma kai za a kama. A Teksas tun Satumbar 2019 doka ta haramta wannan ƙarara. Wasunsu ma in sun hau rufi da kansu suke ɓalle shingul. Ban da hukuma, kuɗin da aka ci ta wannan hanya ka san matsayinsa a addini.

Hajiya Maman Biyu, Miniyafolis:

Sannu da jaje Baban Ilham, ka gaida maiɗakinka, ka ce mata gaskiyarta. Injiniya ya gama da rufi, ni bari in yi maganar bango, domin a kansa na sha wahala wata biyar.

Rigimar daidaita launi tsohuwa ce a ƙasar nan. Kamfani zai ce abin da ƙanƙara ta taɓa kawai ya ɗauki alhakinsa, bangon da bai huje ba bai lalace ba. Mai gida kuma zai ce kafin guguwa gidana launinsa ɗaya, kun yi alkawarin mayar da shi yadda yake, gida mai launi biyu kuwa ko sayarwa ka zo yi sai an taya shi da araha. Wanda zai yi nasara ya danganta da abu biyu: jihar da kake, da kalmomin da ke cikin takardarka.

A nan Minesota maganar ta kai har kotun ƙoli ta jiha a 2014. Wata ƙungiyar masu gidaje ce mai suna Cedar Bluff, gine-gine 20, ƙanƙara ta fasa musu saidin nan da can a 2011, launin kuma an daina yin sa. Takardarsu ta ce za a gyara da kaya masu kama da na da a iri da inganci. Kotu ta ce wannan ya haɗa da launi mai dacewa daidai gwargwado, aka tabbatar da canja saidin ɗin gaba ɗaya. Bayan haka ne kamfanoni suka ƙara himma wajen maƙala wani shafi da ke cewa ba ruwansu da bambancin launi, ko su sayar maka da kariyar daidaita launi daban da ƙarin kuɗi. Saboda haka abu na farko, bincika ko akwai wannan shafin a takardarka.

Kai kuma ka yi sa'a da jiha. Ohayo tana da ƙa'ida a rubuce, lambarta 3901-1-54 a kundin ƙa'idojin jihar. Abin da take cewa shi ne, idan kayan da aka canja bai dace da na da ba a inganci ko launi ko girma, kamfani ya canja gwargwadon abin da zai sa kamannin ya daidaita a hankalce. Lura da kalmar gwargwado. Ba ta ce a canja gida duka ba, a nan ake jayayya. Kuma ba za ka iya kai ƙara kotu da ƙa'idar ita kaɗai ba, hukumar inshora ta jihar ce ke bibiyarta. Amma ka rubuta lambar a wasiƙarka, za ka ga murya ta sauya. Kai kuka gaban hukumar kuwa kyauta ne, ta intanet ake cike takardar, kuma dole kamfani ya ba su amsa. Su Injiniya a Teksas ba su da irin wannan ƙa'ida, shi ya sa ya yi shiru a kan bango.

Ga kuskuren da na yi, kada ka maimaita. Na shafe wata biyu ina gaya musu a waya cewa ɗan kwangilata ya ce babu launin. Maganar ɗan kwangila ba ta wuce ƙofar kunnensu. Akwai wani ɗakin gwaji a Fulorida mai suna ITEL, su kansu kamfanonin inshora da shi suke aiki. Ana yanko guntun saidin ɗinka a aika musu, su dawo da rahoto: wane kamfani ya ƙera shi, ana yin sa har yanzu ko an daina, wane ne ya fi kusa da shi a kasuwa. Idan rahoto ya ce babu mai dacewa, rabin faɗan ya ƙare. Idan ya ce ga wani mai kama, kada ka yi musu da baki. Sayo fale ɗaya, ka jingina shi da bangonka da hantsi, ka ɗauki hoto daga bakin titi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Kuma ba launi kaɗai ba, a duba faɗin falen da yadda bakinsa ke kama na kusa da shi, domin na wani kamfani ba lalle ya shiga cikin na wani ba.

Ni a ƙarshe sai da muka bi hanyar raba gardama da ke cikin takardar: na ɗauko mai ƙiyasina, su ma suka kawo nasu, su biyun suka zaɓi na uku, abin da biyu daga cikinsu suka amince shi ne hukunci. Kowa ya biya nasa, na ukun muka raba. Na samu bango uku cikin huɗu. Amma ya ci mini kusan dala 1,800, don haka sai tazarar da ke tsakaninku ta yi yawa sannan abin ke da riba. Taka ta kai.

Daga yau duk abin da za ka faɗa musu, ka rubuta ta imel. In sun kira ka, bayan an ajiye waya ka aika musu layi uku: yau mun yi magana da wane, ya ce kaza.

Malam Na Tudun Wada, Kaduna:

Ikon Allah! Wato ku a can har launin bango ake shari'a a kansa? Mu nan idan iskar farkon damina ta kwashe maka kwano, ka same shi a layi na uku, ka miƙe shi da guduma ka mayar, ka ɗora bulo da tsohuwar taya a kai. In ɓarnar ta game unguwa, hukumar agajin gaggawa ta zo ta rubuta sunaye, mai rabo ya samu bandir ɗaya da ƙusa.

Amma wasa a gefe, na yi shekara tara ina sayar da inshora kafin in koma kasuwa, kuma akwai abin da zan ja kunnen masu gini a gida Najeriya, tunda na san da yawanku kuna aiko da kuɗi ana yi muku. Inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar iska, sai an haɗa da ƙarin haɗurra na musamman, wato guguwa da ambaliya da makamantansu. Sannan akwai sharaɗin da ya fi cin mutane: idan ka yi wa gida inshorar naira miliyan 20 shekarun baya, yau kuma sake gina shi zai ci miliyan 40, to rabi ka yi wa inshora. Iska ta yi maka ɓarnar miliyan 4, miliyan 2 za a ba ka. Yadda kuɗin siminti da kwano suka tashi, kusan duk wanda bai sabunta adadinsa ba yana cikin wannan rami bai sani ba. Mai shakkar halaccin inshora kuma, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi. Baban Ilham, Allah Ya mayar da alheri.

Ɗan Maraɗi, Girinsboro:

Ni dai nawa gajere ne. Duk neman diyyar da ka yi yana shiga wani rumbun bayanai mai suna CLUE, ya zauna shekara 7, kowane kamfani na gani. Naka ya riga ya shiga, kuma ɓarnar ta kai a nema, don haka ka bi haƙƙinka har ƙarshe. Amma ga masu karatu: in gyaran 3,000 ne kasonka 2,800, kira kafinta ka biya da kanka. Sannan ka tambaye su kuɗin tamfol ɗin nan da na fentin silin, ban ga ka ambace su cikin lissafin ba.

Baban Ilham:

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Na yi shiru kwana 19 ne don in dawo da labari.

Injiniya, RCV ne, kuma babu jadawalin rufi, na karanta shafi 61 ɗin nan kaf, har Maman Ilham tana tambaya ko jarrabawa zan zauna. Shafin ƙin daidaita launi ma babu shi. Ɗan Maraɗi, ka yi gaskiya, sun manta da tamfol da silin, sun ƙara 350 da 480 ba tare da gardama ba. Saurayin nan ya dawo sau biyu, na ce masa na gode.

An sake hawa rufin tare da ɗan kwangilata. Ashe mutumin farko bai zana alli a gefen kudu ba sam. Na biyun ya ƙirga tabo 12 a can, suka amince da shi. Gabas da arewa kuwa tabo 2 da 3, shingul ɗin kuma da aka ɗaga bai tsage ba, ya lanƙwasa ya koma. A gabana aka yi, ba ni da ta cewa. Ke nan rabin rufi za su biya. Ɗan kwangila ya ce tunda ma'aikata za su hau, zai yi mini sauran rabin a 6,900, kuma ina ganin zan ranto in yi, domin rufin ya tsufa ko babu guguwa. Ya kawo shawarar shingul mai jure ƙanƙara, wanda ake kira aji na 4, wai wasu kamfanoni na rage kuɗin shekara saboda shi. Zan tambayi nawa kafin in yanke.

Hajiya, rahoton ITEL ya fito: an daina ƙera shi, kuma wanda ya fi kusa ya bambanta a faɗi da launi. Na aika tare da lambar ƙa'idar da hoton da kika ce. Amsarsu ita ce za su canja bangon yamma da na gaba, tunda daga titi ana ganin su tare. Na baya da na gabas sun ce a'a, wai akwai kusurwa da ta raba su, mutum ba ya ganin sabo da tsoho a kallo ɗaya. Na fita na tsaya a ƙofar maƙwabcina ta gabas, ina ganin gaba da gabas lokaci guda sarai. Na ɗauki hoton na aika yau da safe. Abin da ya rage tsakaninmu kusan 6,500 ne. A ganinki ya kai a shiga raba gardama, ko in fara da hukumar jiha?

Sai maganar banki. Na kai musu cek ɗin farko reshensu, suka ce ba a nan ake sa hannu ba, sai an aika wani ofishi ta gidan waya, kuma idan kuɗin ya wuce wani adadi za su riƙe su riƙa saki kashi-kashi bayan sun turo mai duba aiki. Ɗan kwangila kuma yana son rabin kuɗinsa kafin ya sauke kaya, sanyi ga shi yana matsowa, tamfol har ya fara yagewa ta gefe. Injiniya, kai yaya ka yi da naka bankin?